Rasuwar Agwagwar Roba, Mai Sauraron Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai rabu da ƙaurin roba ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agwagwata ta roba, rawaya mai jan baki, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi a kan teburin guga.

Ni na sayo marigayiya shekara bakwai da suka wuce a wurin masu gwanjo, rana ɗaya da agogon da ke tafiya da baya da wani makulli da ba a san ƙofarsa ba. Ban yi nisa a boko ba, amma Allah ya ba ni ido a kan abin da mutane suka raina. Na ajiye ta a taga, ina kallonta ina tunanin ko wane kogi take mafarki. Sai 'yata Auta, wadda sana'arta rubuta wa kwamfuta umarni, ta ɗauke ta ba sallama ta kai teburinta.

Ashe masu wannan sana'a suna da al'ada. In aiki ya cije, suka rasa inda kuskure ya ɓuya, sai su ajiye agwagwar roba a gabansu, su yi mata bayani layi bayan layi kamar mai kai ƙara gaban alƙali. Wai a cikin bayanin ne kuskuren ke tona kansa. Haka marigayiya ta samu aiki, ba takarda ba jarrabawa.

Ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba ta taɓa katse Auta ba. Ba ta taɓa tambayarta ko ta ci abinci ba, balle ta ba ta labarin zamanin da ake aika wasiƙa. Kalmarta ɗaya ce a duniya, ita ma sai an matse mata ciki: “Ƙiiƙ.” Da wannan kalma ta samu abin da ni, da na koya wa yarinyar nan tafiya, ban samu ba. Shekara bakwai ina zuwa bakin ƙofa da kofin shayi, ina jin 'yata tana zuba mata hira, tana dariya, har godiya take yi mata. Ni kuwa rabona ɗaga hannu ne, ma'ana in ajiye in ja ƙofa. Wata rana na leƙa ramin da ke ƙasan marigayiya don in ga inda hikimar take. Iska ce kawai a ciki.

Jinyarta gajeriya ce. Ranar Talata na taɓa ta na ji jikinta da sanyi, ga fanka a kanta kullum. Don tausayi, da Auta ta shiga wanka, na ɗauko ta na jingina ta da dutsen guga ta ɗan ji ɗumi. Daga nan na fita bayan gida kallon tururuwa suna jan fiffiken kyankyaso, abin da ba a barinsa a rabi. Da na dawo, baki ya haɗe da ƙirji, ido ɗaya ya gangaro wuya. Na matsa cikinta, ta ce “Fsss,” shi ke nan. Wanda ya kunna dutsen, Allah ya sani, ni ma na sani.

Auta ba ta yi kuka ba, aiki na jiranta. Washegari ta kira ni, ta zaunar da ni kusa da teburinta, ta ce in saurara kawai, kada in ce uffan. Kwana biyu tana yi mini bayani. Ko harafi ban gane ba, amma na ga ashe tana cije leɓe in tana tunani, sak mahaifiyarta mai rasuwa. Rabona da farin ciki irin wannan har na manta. A rana ta uku aikin ya cije sosai, sai na ba da shawara a kashe na'urar a sake kunnawa, yadda nake yi wa rediyona. Ban tsaya nan ba, na miƙa hannu na zare wayar daga bango. Aikin yini guda ya bi iska. Ta dube ni irin kallon da ba ta taɓa yi wa marigayiya ba. Ta ɗaga hannu. Na ja ƙofa.

Marigayiya ta bar Auta, da kofuna uku da ba a wanke ba, da kwamfuta mai yawan zafin jiki, da abokan aikin Auta da suka yi ta aiko da fuskoki masu hawaye ta waya, alhali ba wanda ya taɓa tambayar ciwon ƙafata. Ta kuma bar ni, magajinta na kwana biyu da aka sallama.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a tukunyar fulawa da ke bakin ƙofa. Ni zan haƙa, da cokali. Masu ta'aziyya kada su ƙwanƙwasa ɗakin Auta. Na samu labari ta yi odar magada, za su iso ranar Litinin, su goma sha biyu a kwali ɗaya. Don haka waɗanda suka zo daga nesa kada su yi gaggawar komawa. Dutsen guga yana nan lafiya ƙalau.