Katifar da Na Hana a Cire wa Leda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar jeren ƙanwata Habiba, kuma ko na so in manta, dangin mijinta ba za su bari ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, sai dai na rasa wanda zan huce a kansa, don duk inda na juya laifin sai ya dawo ya tsuguna a gabana.

A gidanmu na unguwar Ambasatna a Injamena ni ce babba, ni ce kuma na yi boko, saboda haka da aka zo rabon hidimar kayan ɗaki ban jira an ba ni ba, na ce katifa tawa ce. Inna ta ce a sayi irin wadda kowa ke saya. Na ce ina! Habiba na fama da ciwon baya tun da ta fara zaman keken ɗinki, ga shi gidan da za a kai ta a unguwar Butalbagar gidan mata masu ido ne, waɗanda ke ƙare wa ɗakin amarya kallo su yi shekara suna zancensa. Na ce katifar memori za a saya, mai lotsawa daidai jikin mutum ta riƙe shatinsa. Sati biyu na yi ina kallon bidiyo a waya har na zama malama a fannin soso (maigidana ya ce ko jarrabawar bak ta gama sakandare ban yi wa karatu haka ba).

Shagon Baba Ilu na nufa a Pari-Kongo. Dattijo ne mutumin Maraɗi, aminin marigayi Babanmu, tun muna ƙanana yake cika mana hannu da dabino. Amma ranar ban je a matsayin 'ya ba, a matsayin gwana na je. Na danna tafin hannuna a katifar da ya baje ta gwaji, na tsaya ina kallon shatin yana cikowa a hankali, don mai saurin dawowa soso ne kawai aka sa wa suna. Na ɗaga gefenta na ji nauyi, don marar nauyi wata uku take yi ta zama kwari. Na zuge zif ɗin rigarta na duba hawa-hawan soson, na nemi 'yan hujojin shan iska saboda zafin Injamena. Har shinshinawa na yi. Guda huɗu na ƙi kafin na yarda da ta biyar.

"Kin iya zaɓe, ɗiyata," in ji Baba Ilu. "Amma ki saurara, irin wagga katiha in an kai ta gida..."

"Na sani, Baba."

"A'a, ledar da ke..."

"Baba, duk na sani. A dai kai ta ranar Alhamis."

Ya dube ni, ya karɓi kuɗinsa. Ni kuwa na fito ina jin kaina.

Ranar Alhamis da hantsi muna tsakiyar jere, ni da ƙannen Inna da ƙawayen amarya, sai ga mai amalanke da wani kwali dogo, bai fi buhun gero girma ba. Ya ce katifa ce. Ban yarda ba, amma na dake. Muka farke kwalin, muka warware abin da ke naɗe a ciki, muka shimfiɗa a kan gado. Jama'a, kaurinta bai kai yatsu uku ba! Ga ta a shafe cikin leda mai kauri, duk ta yamutse, ga gadon nan mai zurfi ya haɗiye ta, katakon gefe ya fi ta tsawo.

Wata ƙawar Habiba ta ɗauko almakashi ta ce a buɗe a gani. Na daka mata tsawa. Wa ya taɓa cire ledar katifar amarya? Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san leda ita ce shaidar sabon abu. Katifar Inna ta shekara goma da ledarta, kujerun falona shekara shida, in ka zauna suna ƙara suna manne maka a cinya, haka muke son abinmu. Balle ma kayan da zan mayar wa mai shi, in na farke ai sai ya ce na ɓata.

Daidai nan Hajja Ashta ta shigo, gwaggon ango, mace mai jiki da murya, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta leƙa cikin gadon kamar mai leƙa rijiya.

"Da shunu? Mene ne wannan?" Ta juya wajen matan gidan. "Ku zo ku gani, birish suka kawo wa ɗanmu. Tabarma a kan gado!"

Aka kwashe da dariya. Ƙanwar Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na miƙe a fusace. Na ce cuta ce, an nuna mini wata an aiko da wata, kuma yau sai mai shagon nan ya gane kurensa. Na ninke abar, na cusa a but ɗin tasi. Hajja Ashta ta gyara lafayarta ta ce sai ta bi ni ta ga ɓarawon da idonta (ni a wautata har daɗi na ji, wai na samu shaida).

Da muka isa Pari-Kongo ban yi sallama ba. Na jawo katifar na yar a ƙofar shagon, na buɗe murya. Na ce an ci amanar marayu. Na ce mutum da furfurarsa, da carbinsa, ya rasa wanda zai cuta sai 'ya'yan amininsa. Na maimaita da Larabci don masu wucewa, na ƙara da Faransanci don 'yan boko. Masu kilando suka kashe baburansu, mai shayi ya bar tukunyarsa, maƙwabtan shago suka fito. Sunan da dattijon nan ya shekara talatin yana ginawa a layin, ni na tsaya ina tattaka shi da takalmin biki.

Baba Ilu ya bar ni sai da na gaji.

"Kin ƙare, ɗiyata?"

Ya ciro reza daga aljihu, ya durƙusa da ƙyar, ya tsaga bakin ledar.

Fsssss.

Abar nan ta ja numfashi. Wallahi a gaban idona ta fara kumbura kamar ƙullin fanke, yamutsin yana miƙewa, kusurwa na tashi bayan kusurwa. Yatsu uku suka zama taƙi guda, tana ci gaba. Wani mai kilando ya ce, "Allahu Akbar, ta farfaɗo!" Mutane suka dinga tafi. Hajja Ashta ta danna hannunta a kai, ta ga shatin yana cikowa a hankali, sai ta zauna daɓas a kanta tana dariya har da hawaye.

"Iska suka zuƙe mata a kamfani don ta shiga kwali," in ji Baba Ilu, a hankali, ba tare da ya dube ni ba. "Shi na so in gaya miki, kinka ce kin sani." Ya naɗe rezarsa a takarda. "Da Malam mahaifinki na da rai, da ba ki yi mini haka ba."

Wannan maganar ta fi dariyar duka zafi. Da mari ya yi mini da na fi samun sauƙi.

Komawar ma wani wulaƙancin ne, don katifar da ta zo a but ta ƙi komawa but. A saman tasi aka ɗaure ta, muka ratsa gari tana ƙara kumbura, Hajja Ashta na ba direba labari tun daga farko. Da muka isa na duba kwalin: ga hoton almakashi da leda ɓaro-ɓaro, da bayani da Faransancin da nake taƙama da shi. Duk da haka ina nan a kan bakana, wanda ya ƙirƙiro zuƙe wa katifa iska bai kyauta wa mutane ba.

Washegari Inna ta tasa ni gaba har Pari-Kongo, ta ce inda na yi zagin nan zan ba da haƙuri, da irin muryar da na yi shi. Na durƙusa a ƙofar shago na nemi gafara da Hausa. Inna ta ce saura Larabci da Faransanci. Baba Ilu ya ce ya yafe, ya cika mini hannu da dabino, na karɓa ina kuka kamar 'yar shekara biyar.

Habiba ta ce bayanta ya yi sauƙi, katifar kam na iya zaɓe. A Butalbagar kuwa, da na buɗe baki a taro zan yi bayani sai ka ji wata daga baya ta ce "fsssss". Yanzu in mai kaya ya ce "ki saurara", kama bakina nake yi da hannu har ya kai aya. Ranar da na dawo gida ma sai da na farke ledar kujeruna duka, na ja gefe na tsaya ina jira. Su dai ba su tashi ba.