Sallamar da Ta Tashi Gauraki

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na rangaɗa sallama a bakin wani tafki a Nijar aka rasa mai amsa mini ba. Har yau in abin ya faɗo mini ina tsakiyar cin tuwo, sai in ajiye loma in ce "kai!" ni kaɗai.

Bari in faro daga tushe. Ni mutumin Bunguɗu ne, aiki ya zaunar da ni Gusau har na yi ritaya. Shekarar da na ajiye aiki ita ce shekarar da mai ɗakina ta rasu, yara kuwa kowa ya kama gabansa, namijin yana Kaduna, macen tana gidan miji a Sakkwato. Gida ya yi mini faɗi. In na dawo masallaci da asuba sai in zauna tsakar gida ni da kofin shayi, babu mai ce mini ci kanka. A wannan zaman na fara lura da masu zuwa shan ruwa a kaskon da marigayiya ke ajiye wa kaji: kurciya, tsada, wani lokaci cilakowa ta sauka kan dalbejiya tana leƙe. Wasa-wasa har na sayi madubin hangen nesa.

Sai dai a garinmu kallon tsuntsu ba abin da dattijo zai faɗa da baki ba ne. 'Yan majalisarmu suka samu abin yi. Da na iso sai wani ya ce, "Malam, yau hasbiya ta gaishe ka kuwa?" a kwashe da dariya. Dangina na Bunguɗu manoma ne, su a wurinsu tsuntsu ɓarawon gero ne kawai. Shiga daji kuwa, yadda zamani ya koma, mutum da madubi rataye a wuya a bayan gari neman magana yake. Haka na yi ta kallona ni kaɗai, in ga abin mamaki in waiga in rasa wanda zan nuna wa.

Ana nan ɗana ya saka ni a wani zaure na waya inda masu irin ciwona ke haɗuwa. A nan na san Malam Isufu, wani dattijo na Maraɗi. Ba mu taɓa ganin juna ba, sai dai gaisuwa a rubuce. Wata rana ya sanar cewa gauraki biyu sun sauka a wani tafki kusa da su, kuma baƙi za su zo gani daga nesa, duk mai so ya zo. Rabona da gauraka tun ina yaro a fadamar Bunguɗu. Amma in faɗa muku gaskiya, ba gaurakin ne suka tashe ni ba. So nake ko sau ɗaya in zauna cikin mutanen da in na ce "ga shi can" ba za su yi mini dariya ba.

Shiri kam na yi shi, kuma duk mai niyyar irin wannan tafiya ya koya daga gare ni. Na kai mota wurin bakanike aka duba ta ciki da waje. Na tanadi safayar taya da jarkar ruwa, na haɗa takardun tafiya da na mota da katin rigakafi, na yi canjin sefa tun a gida, na kuma tambayi direbobin tasha hanyar da ta fi lafiya da lokacin da ake bin ta. Abu ɗaya ne ban tambayi kowa ba, wato yadda ake isa wurin masu kallon tsuntsu. (Ina ganin ai mutane mutane ne, me zan tambaya?)

Na tsaya Tsafe in yi wa Yayata bankwana. Ita har gobe Auta take ce mini, da furfurata da komai.

"Auta, mi kaka nema ga tsuntsu har wata ƙasa? Namu na nan sun ƙare?"

Na ce, "Yaya, mutane zan gani."

"To, in mutane za ka gani, ba a zuwa hannu sake." Ta cika mini leda da dambun nama da ƙuli-ƙuli. "Kuma ka sa tufan kirki, kada a ce mutanen Zanfara ba su san girma ba."

Na bi maganar Yaya sau da ƙafa. Ita ma ba ta da laifi, ta ɗauka ɗaurin aure za ni.

Hanya ta yi mini tsawo. Nakan ga shaho bisa turken wuta in ce "duba!" sannan in tuna kujerar gefe leda ce a kanta. A iyaka aka ɓata mini lokaci, jami'i ya juya madubina ya juya, ya ce me nake hange da shi. Na ce tsuntsaye. Ya dube ni irin duban da na saba da shi a Gusau, ya miƙo mini kayana. Ban shiga Maraɗi ba sai da magariba, na kama masauki na kwanta.

Malam Isufu ya aiko cewa su tun asuba za su kasance a bakin ruwa, in bar mota gindin wata tsamiya in bi 'yar hanyar ƙafa a hankali. Ni kuwa asubar nan ina gaban madubin bango. Na fito da farar shaddata mai sitaci, wadda in ka motsa sai ta yi magana. Na kafa hula, na sa takalmin Salla, na yi wanka da turare. Kafin in gama ado in nemo hanya, rana ta fito.

Na bar mota gindin tsamiya, na rungumi ledar Yaya na kama hanya. Ina zagaya wata ciyawa mai tsayi sai ga su: jama'a a durƙushe bayan wani shinge na zana, cikin tufafi masu launin ƙasa, kowa ya ba ni baya. Akwai wata Baturiya da kyamara mai tsawon taɓarya, da wasu samari, da wani dattijo siriri a gefe. Ga mutanena!

Kada ku ce ban san tsuntsu ba ya son hayaniya ba. Na sani sarai. Amma duk kallon da na taɓa yi ni kaɗai na yi shi, ban taɓa isa wurin tsuntsu na tarar da mutum ba. Kuma tun ina yaro an dasa mini cewa ba ka isa kan jama'a kamar ɓarawo. Kafin hankali ya iso, tarbiyya ta riga shi. Na buɗe murya irin ta mai shiga zauren surukai:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah! Jama'a, an kwana lafiya?"

Abin da na fara ji shi ne fukafukai. Can bakin ruwa, kusa ƙwarai da shingen, wasu dogayen tsuntsaye biyu masu tuntu ruwan zinare suka yi 'yan taku suka ɗaga. Gauraki! Na gan su kam, amma ta baya. Suka yi wannan kukan nasu da rabona da ji tun ƙuruciya, suka miƙa gabas har suka zama ɗigo.

Sannan kawuna suka juyo. Ga ni tsaye fari fat a tsakiyar kore, ina ƙamshi, da leda a ƙirji. Baturiyar ta sauke kyamararta a hankali ta rufe ido. Wani saurayi ya ɗora hannu a ka. Ashe tun duhu suke jira tsuntsayen su matso, kuma a daidai lokacin suka matso. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na ji sauƙi. Babu kuma wanda ya amsa sallamar.

Don in gyara, na ce, "Subhanallahi! Don Allah ku yi haƙuri!" Da wannan na sallami agwagin ruwan da suka rage.

Na ja da baya, shadda tana ƙara tona mini asiri da kowane taku, na koma gindin tsamiya na zauna a kan gaban mota. Can na wuni. Su suna bakin ruwa suna jira ko gaurakin za su dawo, ni ina nan da dambun da zai ishi mutum goma amma babu mai ci. Na sha zama ni kaɗai, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. A Gusau aƙalla ina iya cewa ba a fahimce ni ba ne. Nan kuwa ga waɗanda suka fahimce ni, na ƙetare iyaka na zo na ɓata musu rana. Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye ba, na share da hannun riga mai sitaci har ya kankare mini fuska.

Da rana ta yi sanyi suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka nufi motocinsu, wasu suka ɗan ɗaga mini kai. Dattijon nan siriri ne ya zo ƙarshe. Ya tsaya gabana ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah," in ji shi. "Tun da sahe nike riƙe da ita, wurin ba na amsawa ba ne. Kai ne na Gusau?"

Na ce, "Ni ne, Malam Isufu. Na yi ɓarna."

"Ka yi," ya ce, bai ko rage mini ba. "Matsa in zamna. Mi ag ga ledar?"

Muka ci dambun Yaya. Bayan nan ya ce in tuɓe farar rigar in bar ta a mota, ya ja ni bakin ruwa daga ni sai singileti da wando. Muka zauna bayan zana har rana ta faɗi, babu wanda ya ce uffan. Gauraki ba su dawo ba, kuma har na baro ƙasar ban sake ganin su ba. Wani zalɓe ne kawai ya sauka yana taka ruwa. Malam Isufu ya taɓa ni da gwiwar hannu ya nuna shi da leɓe, na gyaɗa kai. Tun rasuwar mai ɗakina ban yi shiru tare da wani ba sai ranar, kullum shirun nawa ne ni kaɗai.

To, ga shawarata ga mai shirin tafiya: ka duba mota, ka haɗa takardu, ka isa tun da duhu, ka sa rigar da ko da rana tsaka ba za a hango ka ba, turare kuma ka bar wa ranar Juma'a. In ka tarar da jama'a a durƙushe sun ba ka baya, ka durƙusa kusa da su ka yi sallamarka a zuci. Wanda zai zama naka a cikinsu zai amsa, ko da sai la'asar.