Tabarau Mai Kauri

Shekarar da Naira ta fito na gama ajin yaƙi da jahilci, sai Fasto ya ce ni zan karanta aya kan tawali'u ranar Lahadi. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na lura masu ilimi da tabarau suke karatu, har Lambata na je na sayo mai kauri.

Matata ta ce, "Maigida, idonka lafiya lau fa."

Na ce, "Ke me kika sani?"

Na maƙala shi, na nufi bagade, inda ake tsayawa a yi karatu, ina taƙama. Matakala ta ɓace mini, na kife tsakiyar matan zumuntar coci, kan tulun kiɗansu. Ko harafi ban karanta ba.

Har yau in na shigo coci sai su ce, "Malam ya iso, a ɓoye tulu!"

Asarata: haƙori ɗaya, tulu ɗaya, da girmana gaban mata.