Rasuwar Ɗan Jidda, Akwatin Kiɗan Hajo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ta kasa haɗiyewa, Hajo mai waƙar biki ta garin Gadarif tana sanar da rasuwar akwatin kiɗanta, wanda mata suka sani da Ɗan Jidda.

Mijinta, marigayi Sharu, shi ya zo da shi daga aikin hajji. Da yatsunsa ya danna masa kiɗan kakanninmu, bugu bayan bugu, har akwatin ya haddace. Dum, tak-tak, dum. Sharu ya bar wani ɗan jinkiri kafin dum na ƙarshe, daidai inda Hajo take jan numfashi. Bayan an binne shi, a wannan gurbin take jin sa.

Mamacin, Ɗan Jidda, mai haƙuri ne. Ya sha ƙurar Hawata da zafin Ƙala'at an-Nahal. Ranar da 'yan sandan ɗa'a suka faɗo gidan lalle suna kwashe kayan kiɗa, Hajo ta goya shi kamar jariri, ta rufa mayafi, ta wuce ta gabansu. 

Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Wada ne, ɗan ƙaninta, wanda ta raina ta koya wa sana'a. Ya samo manhaja a kwamfuta mai kwaikwayon irin akwatin, ya rantse mata duk abin da ke cikin Ɗan Jidda yana ciki. Sai ya buɗe shi, ya zare ɗan batirin da ke riƙe masa hadda, ya sa wa agogonsa. Da aka kunna, wuta ta kama, amma hannun Sharu ya tafi.

Muryar kwamfutar iri ɗaya ce, Hajo ba ta musu. Sai dai ba ta jiran kowa. A bikin farko numfashin Hajo ya yanke a tsakiyar baiti, gaban dangin ango.

Mamacin ya bar Hajo, da tsohuwar lasifika, da waya mai ɗaurin tsumma.

Za a naɗe shi a rawanin Sharu ranar Juma'a bayan la'asar, a ajiye ƙarƙashin gado. Akwai gahawa. Ana roƙon duk matar da ta taɓa rawa da kiɗan nan ta zo da tafinta, ko Allah zai sa a tuno inda jinkirin yake. Wada ma ya zo, jini ne. Ya ciro batirin daga agogonsa, a naɗe su tare.