Injin Ban-Ruwan Da Ya Kawo Mana Ziyara

Ranar Litinin na goya injin ban-ruwana a bayan babur zuwa gidan mai a Funtuwa, kamar mai kai mara lafiya asibiti. Lafiyarsa lau. An hana sayar da fetur a jarka ne, don haka mai son tumatirinsa ya sha ruwa sai ya cicciɓo injin ya kawo shi ya sha mai a gaban shaidu. Na shiga layi da hantsi. Ana kiran azahar, saura babur uku a gabana, mai zuba mai ya rataye tiyo ya ce ya ƙare.

A hanyar komawa na haɗu da Maiwada, wanda gonarsa ke jikin tawa a fadama. Dattijo ne mai kyautata wa hukuma zato.

Ya ce, "Malam, daina wahalar da kanka. Jibi za a kawo mana injin da ke aiki da hasken rana. Ni har na ba surukina na Bakori tsohon nawa."

Na ce, "Alhaji, da ka bari sabon ya kwana tukuna."

Ya ce matsalata ke nan, rashin yarda.

Laraba kuwa sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanka ƙyallen buɗe ayyuka, da jerin motocin da suka cika hanyar gonaki. Babu wadda aka kashe, saboda kada sanyin ciki ya gudu. Aka tayar da ƙaton janareto don lasifika, Mai Girma ya tsaya a cikin hayaƙinsa ya bayyana mana cewa hayaƙin injinanmu ne ke ɗumama duniya. Na ji kunya ƙwarai. Ban san ni ne nake narkar da ƙanƙarar Turawa da wannan ɗan injin da ya kwana biyu bai ga mai ba.

Ya juya kan mata, ya ce su bar itace su koma gas. Mero mai ƙosai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina da tukunyar gas ɗin. A kanta nake zama in hura itace, tunda cika ta ya fi ƙarfina."

Mai Girma ya yaba da yadda mata suka rungumi shirin.

Sannan aka kunna sabon injin. Gaskiya abin gwanin kyau, babu ƙara, babu hayaƙi, ruwa ya yi ta ambaliya cikin kwamin Maiwada. Aka ba shi tiyo ya riƙe, aka ce ya yi murmushi don hoto. Bai buƙaci a gaya masa ba, har da ƙwalla ya yi.

Bayan la'asar, motoci na ɗagawa, sai muka ga ma'aikata suna kwance farantan hasken rana suna lodawa a akori-kura. Maiwada ya riƙe ƙofar motar.

Ya ce, "Ina za ku da shi?"

Direban ya ce, "Gobe akwai ƙaddamarwa a wajen Malumfashi, Baba. Naku yana hanya."

Allon da ke ɗauke da hoton Mai Girma kawai suka bar mana, shi kam an kafa shi da siminti.

Tumatirin Maiwada yana tsakiyar fure a lokacin. Kunya ta hana shi zuwa Bakori ya karɓo kyautar da ya yi, ya koma ɗibar ruwa da bokiti, mutumin da ya haura sittin. Kafin in samo mai wurin 'yan bumburutu in ara masa injina, rabin furen ya kakkaɓe. Da aka zo ɗiba, Adekunle, dillalin da ke lodin Ikko, ya duba kwandunan ya ce 'ya'yan sun yi ƙanana, ba za su kai ba. Motarsa ta tafi rabi babu kaya, masu dako suka koma gida hannu banza, matan gari kuma suna ta tambaya me ya sa miya ta yi tsada.

Jiya na ji a rediyo ana cewa manoman yankinmu sun koma amfani da hasken rana gaba ɗaya. Kafin in fara ƙorafi sai na leƙa gonar Maiwada, na tarar ya yanyanka tumatirin da aka ƙi ya shanya a ƙasa don ya bushe. Ina ba rediyo haƙuri, a wannan karon ba ta yi ƙarya ba.