Bakin Kwalba

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya jikin? Au, na manta, an ce ba jikin ba ne, tsoro ne."

Tela ne ke wannan gaisuwa ta rashin kunya, yana tsaye a bakin ƙofa, sandar sunuka a hammata, fankon kwalbar lemo a aljihu. Wanda ake gaisarwa Direba ne, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yawo ba wando. Shekara talatin suna buga sunuka, wasan tura ƙwallaye da sanda, a teburin da ke bayan shagon mai aski, Tela bai taɓa cinye shi sau biyu a jere ba. Wata huɗu ke nan da hawan jini ya kayar da Direba, ya shanye masa hannun hagu, hannun da ake kafawa a kan tebur a ɗora sanda. Tun daga ranar ko ƙofar gida bai leƙa ba. Jiya kuma sai ga maiɗakinsa ta kai wa Tela sandar, wai ya ce ya bar masa. Hankalin Tela ya tashi, don ya san wanda ya fara rabon kayansa da ransa ya gama fid da rai ne.

"Wa ya bar bawa ya faɗo min ɗaki ba sallama?" in ji Direba daga kan kujera.

"Na yi, kunnen ne ya bi hannun. Ungo tsiyarka, na dawo maka da ita."

"Kyauta ce. Amma ina ɗan mace ya san kyauta? Sai roƙo."

"Wannan ce kyauta? Sandar da ta karkace kamar bakinka?"

Maganar ta fita kafin Tela ya kamo ta, ya ji kamar ya cije harshensa. Sai dai Direba bai ko girgiza ba.

"Da karkatacciyar na yi shekara talatin ina wanke ka tas. Komai ramar giwa ta fi kwando goma."

"Giwar da ke ɓuya a bayan labule? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, malam."

Tela ya ture kwalaben magani gefe, ya jawo ƙaramin teburin ɗakin zuwa gaban kujerar. Ya kwantar da kwalbar lemon, ya tokare ta da hularsa, bakinta na kallon Direba.

"Ka tuna wannan? Wata guda cur ka sa ni ina zura kan sanda a bakin kwalba ina zarowa, wai kada ta taɓa gefe. Ka ce duk wanda ya ji ƙarar kwalba, hannunsa ne ke masa ƙarya."

"Kuma har yau naka bai daina ba."

"To in kura na maganin zawo, ta yi wa kanta."

Direba ya daɗe yana kallon sandar. Can ya karɓa. Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagun daga cinyarsa, ya ajiye a kan tebur kamar kayan wani. Ya miƙe yatsun, suka nannaɗe. Ya sake miƙe su, suka sake komawa. Haka nan ya ɗora sandar ya tura.

Ƙyal!

"Ban ji komai ba," in ji Tela da sauri.

"Maƙaryaci."

"Wallahi keken ɗinki ya cinye min kunne. Sake."

Ƙyal! A na uku sandar ta zame gaba ɗaya, kwalbar ta gangara ta faɗa kan tabarma. Ana jin maiɗakin Direba a tsakar gida ta daina wanke-wanke.

"Bar shi, ɗan gwaggo," in ji Direba, muryarsa ta yi ƙasa. Rabon da ya kira shi haka tun ranar da suka binne gwaggon. "Hannun nan ya tafi. Mazagin wando ma sai an ɗaure min. Da wane ido zan je bayan shagon nan, a matsa min kujera ana ce min sannu? Ɗauki sandarka ka tafi."

Tela ya so ya yi kuka, to amma wa ya taɓa yin kuka a gaban abokin wasa? Ya sunkuya ya ɗauko kwalbar, ya daɗe yana goge ta da bakin riga, alhali babu abin da ya same ta. Ya mayar da ita wurinta. Sannan ya durƙusa a gefen teburin, gwiwoyinsa na ƙara, ya kafa nasa hannun hagun a gaban Direba, ya tayar da babban yatsa.

"Ɗora."

"Me ke nan?"

"Ba kai ke cika baki kana da bawa ba? Bawa da abin hannunsa ai na ubangidansa ne. Ɗora, gwiwata ba ta yaro ba ce."

"Wannan hannun? Duk sukar allura? Zai kankare min sanda."

"Linzami dai ya fi ƙarfin bakin kaza. Faɗi gaskiya tsoro kake ji."

Direba ya ɗora. Ya sunkuyar da kai, ya kanne ido ɗaya yadda ya saba. Tela ya ji itacen na gogar fatarsa a hankali, gaba, baya, gaba. Kan sandar ya shige bakin kwalba ya fito. Ya sake shiga ya fito. Sau bakwai, ko ƙis ba a ji ba.

Kafaɗun Direba suka fara rawa. Tela bai ɗaga kai ya duba ko dariya ce ko kuka ba, sai da ya ji ɗigo ya sauka a bayan hannunsa.

"Kai, rufin ɗakin nan na yoyo," ya ce.

Direba ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya shirye ka, ɗan mace. Na sallama, yau ka ci." Ya goge ido da kafaɗa. "Gobe ka zo da hantsi ka kai ni wurin mai askin nan. Kuma ka yanke farce kafin ka zo. Ba na son ƙazanta a hannuna."