Takalmin Vivian da Gajartar Gado

"Wushe, sannu, angona. Ka tashi tsaye ka tarbi amarya mana," in ji Ammatullahi.

"Ai a tsayen nake," in ji Kaka Umara, "zanen Allah ne ya tsaya nan."

A ƙofar gidansa ne a unguwar Mafoni, inda tsohon ya daɗe yana gyaran takalma kafin gwiwa ta zaunar da shi. Jikarsa Ammatullahi ta durƙusa, ta zaro wani dogon takalmin fata mai dunduniya kamar ƙusa. Zobban ƙarfen da ake zura igiya sun ɓalle har uku, fatar wajen ta yage. Bakinta na dariya, amma hankalinta a tashe yake. Takalmin na Vivian ne, abokiyar ɗakinta a jami'a, shi za ta sa gobe a coci wajen ɗaurin auren yayanta, kuma sai da Ammatullahi ta yi rantsuwa kafin a ara mata.

"Wannan takalmi ne ko tsani?"

"Tsani ne, Kaka. Biki na je, daren kiɗan wushe-wushe, na ɓoye shi a ƙarƙashin laffaya. Na gaji, duk hoton da aka ɗauka sai a ce wa ya zo da ƙanwarsa."

"To, an gan ki?"

"An gan ni ƙwarai. Makaɗa suna ɗaukar zafi na shiga fili, tsinin ya nutse a yashi, ni na yi gabas, takalmi ya yi yamma. Har mai algaita sai da ya cire ta daga baki don ya yi dariya."

"Kayan aro ba ya rufe katara. Na sake ki, ba na zama da matar da ke faɗowa daga bene a ƙasa."

"Wa zai kwashe ka? Kai da ake ɗora ka a keke napep direba ya ce ina uban yaron? Laifinka ne ma. Mutane na barin wa jikoki gonaki, kai ka bar mana gajarta."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni da nake limanci wata rana, sahun baya suka ɗauka ba kowa a gaba."

Ta yi dariya. Ta ce tun safe take zagaya Kasuwar Kwastam, duk zobban da ta samu farare ne, na Vivian kuwa ruwan tagulla. "Ina jin kunya, Kaka. Yarinyar nan ba ta taɓa hana ni komai ba."

Tsohon ya juya takalmin, ya kai shi dab da hanci. Ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da wasu tsofaffin takalman but na maza a nannaɗe cikin zane, sai ƙamshin turaren wuta suke yi. Ƙasansu an yi masa ƙari da taya hawa-hawa.

"Kaka! Wannan fa?"

"Nawa tsanin. Da shi na je zance wajen kakarki, Ya Fanna, Allah ya jiƙanta."

"Ashe gado na yi, ba karambani ba!"

"Ke kin fi ni sa'a, yashi ya kayar da ke. Ni a zauren surukai aka ce in tuɓe takalmi. Na shiga dogo, na tsaya gajere. Ubanta ya leƙa waje yana neman wanda ya yi sallama."

Yana magana yana ɗaga bakin zobban tsohon takalminsa da basilla a hankali. Ruwan tagulla ne sak. Ammatullahi ta riƙe hannunsa, don ta san zanen nan na marigayiya ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya kwance shi.

"Bar shi. Zan gaya wa Vivian gaskiya."

"Gaya mata, amma ki kai mata abinta lafiyayye. Riƙe nan, idona ba ya ganin huji."

Ta riƙe. Ya liƙa 'yar fata ta ciki, ya huda, ya zaunar da zobe, ya buga guduma. Haka har na uku, aka zura igiya ta zauna daram.

"Ka ɓata takalminka saboda ni," ta ce.

"Me zan yi da shi? Wadda na yi wa ƙaryar ta ga tsawona na gaskiya tun a zaure, ta ce ta ji ta gani." Ya miƙa mata yana dariya. "Ungo, na mayar da ke ɗakinki. Mu biyu in aka ɗora wani kan wani, ai ma yi mutum guda."